Yawon Jirgin Ruwa a Kogin Rayin: Mu Biya Yanzu Ko Mu Dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya yi ritaya bara, 'yarmu kuma tana karatu a Jamus. Ita ce ta turo mana tallan wani jirgin ruwa mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a kogi daga Amstadam zuwa Bazel, kwana takwas, ta ce mu zo a watan Agusta mu yi tafiyar tare. Hotunan sun burge mu. Sai dai ni ina tsoron ruwa, maigida yana fama da ciwon gwiwa, ga kuma batun abinci da sallah. Kamfanin ya ce mu ba da kafin alƙalami cikin mako biyu kafin rangwame ya ƙare. Wace shawara za ka ba mu? — Hajiya, daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a hutun Alhaji, ya ba yarinya sa'ar karatu. Tafiya ce mai kyau, ina kuma so ku yi ta. Amma kada wa'adin mako biyun nan ya sa ku gaggawa. Rangwame irin wannan yakan tafi ya dawo, kuɗin kafin alƙalami kuwa in ya fita da wuya ya komo.

Batun tsoron ruwa shi ne mafi sauƙi a cikin tambayarki. Wannan ba jirgin teku ba ne mai kama da unguwa guda. Dogo ne siriri, tsawonsa mita 135, faɗinsa bai kai mita 12 ba, yana ɗaukar mutum 150 zuwa 190 a hawa uku. An ƙera irinsa da wannan siffa ne domin ya iya shiga ƙofofin ruwa na hanyar ruwan da aka haƙa tsakanin garuruwan Bamberg da Kelheim a Jamus, wadda aka kammala a 1992 ta haɗa ɓangaren kogin Rayin da kogin Danub. Babu igiyar ruwa da za ta juya miki ciki. Ko'ina kika duba akwai gaɓa hagu da dama, da gonaki, da jirgin ƙasa yana wucewa. Akasari da dare ake tafiya, da safe ki buɗe labule ki ga kun tsaya a wani garin, ba ki ɗaure kaya ba, ba ki kwance ba. Wannan ne babban daɗinsa ga dattawa.

Abin da hotunan talla ba sa nunawa shi ne kogin ne ke da iko da tafiyar, ba kamfani ba. Nan ne watan Agusta ya ba ni damuwa. Akwai wani ƙaramin gari, Kaub, tsakanin Koblenz da Rüdesheim, inda ruwa ba shi da zurfi sosai. Ma'aunin ruwan da ke wurin shi duk matuƙan Rayin suke dubawa kowace safiya. A Oktoban 2018 ya sauka zuwa santimita 25, a Agustan 2022 kuma ya sauka zuwa wajen 30. Lambar ba ita ce ainihin zurfin kogin ba, alama ce, amma idan ta yi ƙasa haka jirage da yawa ba sa iya wucewa. Abin takaicin kuma, Kaub tana tsakiyar yankin da ya fi ko'ina kyau a hanyar, wato wurin da aka ɗauki hotunan da kuka gani.

Na taɓa raka wasu matafiya a shekarar 2018 ɗin, na ga yadda abin yake da idona. Muna cikin cin abincin dare jami'in jirgi ya ɗauki lasifika ya ce kowa ya haɗa kayansa ya ajiye a bakin ƙofa kafin bakwai na safe. Washegari aka zuba mu a bas, muka yi awa uku a kan titi, aka kai mu wani jirgin na kamfanin da ke jira a ɗaya gefen. Ta tagar bas muka riƙa hango tsakuwa fara fat a tsakiyar kogi, mutanen gari suna tafiya a kai da karnukansu. Wata dattijuwa a cikinmu ba ta ce uffan ba har muka isa, shekara biyu ta yi tana tara kuɗin tafiyar. Mu ma da sauƙi, domin kamfanin yana da jirage masu kama ɗaya, ɗakin da muka bari irinsa muka tarar. Wasu kamfanonin otal suke kai mutane, sauran kwanakin a ƙarasa su a mota.

Cikar ruwa ma takan tsayar da tafiya, domin jirgi ba ya samun wucewa ta ƙarƙashin gadoji. Haka aka yi a Yunin 2013 lokacin da ruwa ya shanye tsakiyar garin Passau da ke bakin kogin Danub, aka sake gani a kudancin Jamus a Yunin 2024. Babu watan da wani zai rantse miki a kansa. Amma da ni ne, Mayu zan zaɓa: narkewar ƙanƙarar duwatsun Alps tana ciyar da Rayin a lokacin, zafi bai sauko ba, cunkoson masu hutu bai kai na Agusta ba. Idan hutun yarinya bai ba da dama ba sai Agustan, to ku je da sanin cewa takardar yarjejeniyar da za ku sa wa hannu ta ba kamfani ikon sauya hanya. Ku tambaye su a rubuce: in aka mayar da kwana biyu ko uku na mota, nawa ake mayarwa, kuma kuɗi ne a hannu ko rangwame ne a wata tafiyar gaba? Ga wanda ke zaune a Kaduna, rangwamen tafiyar gaba ba shi da amfani sosai.

Sai biza, wadda ita ce ta fi cin kuɗin mutanenmu a banza. Hanyar nan ta ratsa Holan, Jamus, Faransa da Suwizalan, duka kuma bizar Shengen guda ɗaya, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da yawa, ta wadatar. Ƙa'ida ita ce a nema a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, ba wadda za a fara sauka ba. Tunda yawancin zangon a Jamus yake, kuma na tabbata za ku ƙara kwanaki a wajen 'yarku, Jamus za ku nema. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ba a mayarwa ko an hana. Dole ku nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ku baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Ana iya nema tun saura wata shida. Ku yi amfani da wannan damar, domin samun ranar ganawa kan yi wuya idan lokacin hutu ya gabato.

Ga inda tarkon yake. Yawancin kamfanonin nan suna so a cika kuɗi tun saura wata uku ko huɗu, ofishin jakadanci kuma yana son ganin shaidar tafiyar kafin ya ba da biza. Idan aka hana biza bayan an biya, kamfani zai ce samun takardun shiga ƙasa nauyin matafiyi ne, inshorar fasa tafiya kuma ba kowace ce ke biyan wannan asara ba. Saboda haka kafin ko sisi ya fita, ku nemi jadawalin abin da ake yankewa in an fasa, ku nemi wasiƙa mai ɗauke da sunayenku da ranakun tsayawa a kowane gari, sannan ku shigar da neman biza tun kafin ranar cika kuɗi ta zo. 

Abinci kuwa, gaskiya ɗaya ce: kada ku sa ran naman halal sai an yi muku alkawarinsa a rubuce. Ɗakin girkin jirgin ƙarami ne, abin da aka loda shi ake dafawa. Yankin Rayin ƙasar inabi ce da naman alade, yawancin kamfanoni suna zuba giya kyauta a abincin rana da na dare, kuma teburin haɗaka ake zama, wajen ƙarfe bakwai na yamma kowa ya hallara lokaci guda. Ba wanda zai tilasta muku, in kun ce ruwa ko lemo shi za a kawo. Abin lura shi ne wanda ido ba ya gani: romon da aka dafa da giya, gutsattsarin naman alade a cikin miya ko dankali, da sinadarin jelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, a kayan zaƙi. Kullum akwai kifi da abincin ganye a jerin, ƙwai da burodi da 'ya'yan itace kuma ba sa yankewa da safe. Ku rubuta buƙatarku tun lokacin biya, ranar farko kuma ki nemi shugaban ɗakin cin abinci ki gaya masa baki da baki. Na ga suna ɗaukar wannan da muhimmanci, har su zo da jerin abincin gobe su nuna abin da ya dace. Ki riƙe ɗan yajinki a jaka, domin girkinsu ba ya jin barkono. In marmarin nama ya taso, a Kolon da Strasbourg akwai gidajen abincin Turkawa da Larabawa masu yawa.

Sallah a ɗaki za ku yi, akwai wurin shimfiɗa darduma ɗaya a gefen gado. Alƙibla daga Jamus kudu maso gabas take, ba yadda muka saba a gida ba, kuma ƙarfen jirgi yakan rikita manhajar waya, don haka ku daidaita ta a waje lokacin da jirgi yake tsaye. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, alfijir kuma yana ketowa tun tsakar dare bai yi nisa ba. Ku zauna da malaminku kan hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ku tashi. Idan Juma'a ta same ku a Kolon, babban masallacin unguwar Ehrenfeld da aka buɗe a 2018 ya cancanci kuɗin tasi, haka ma na Strasbourg da aka buɗe a 2012. Ki kuma sa ƙaramar buta a akwati, ba za ki samu a banɗakinsu ba.

Gwiwar Alhaji ita ce za ta zaɓa muku ɗaki. Ɗakunan hawan ƙasa sun fi araha, amma tagarsu ƙarama ce a saman bango, daidai fuskar ruwa, ba ta buɗuwa, kuma a jirage da yawa na'urar hawa bene ba ta sauka can, ba ta kuma kaiwa rufin sama inda ake zaman kallo. Ku ɗauki hawan tsakiya, kusa da ɗakin cin abinci. Kada ku ƙara kuɗi mai yawa don baranda, domin a tashoshi masu cunkoso jirage biyu ko uku ake ɗaurewa gefe da gefe, ki buɗe labule ki ga tagar wani. Wani lokaci ma sai an ratsa ta cikin jirgin maƙwabta, a hau matakala a sauka, kafin a taka ƙasa. Tsofaffin unguwannin garuruwan da daɓen duwatsu aka shimfiɗa su, zagayen safe kuma yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙafa. Ku tambaya ko suna ware rukunin masu tafiya a hankali, ya riƙe sanda, ya sa takalmi mai taushin ƙasa. Galibi babu likita a jirgin kogi, asibitin gari ake kai mutum, saboda haka magungunansa su zauna a jakar hannu tare da takardar likita.

Farashin da kuka gani na mutum ɗaya ne idan biyu suka haɗa ɗaki, ɗakunan kuma na mutum biyu ne. Ke nan 'yarku ɗakinta daban, kuma mai kwana shi kaɗai ana ƙara masa kuɗi, wani lokaci har kusan ninki. Ku tambayi ko tukuicin ma'aikata yana ciki, da wane zagaye ne kyauta, wane ne na biya. Ku tabbatar da harshen da ake magana a jirgin, domin wasu kamfanonin Jamus masu rahusa da Jamusanci kaɗai suke sanarwa. 'Yan'uwanmu na Nijar za su fi sakewa da irin CroisiEurope, kamfanin Faransa mai mazauni a Strasbourg. A Bazel kuɗin Suwizalan ake kashewa, ba Yuro ba. Soket ɗin Jamus da Holan mai ƙafa biyu ne zagayayyu, cajar Najeriya sai da mahaɗi. Ku isa Amstadam kwana ɗaya kafin ranar tashi, ko ta KLM daga Legas ko ta Lufthansa daga Abuja zuwa Frankfurt sannan ku ƙarasa Amstadam, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin sama ya makarar.

Idan Allah ya nufa kun tafi, akwai yini ɗaya da ake tafiyar rana, daga Koblenz zuwa Rüdesheim, kilomita 65 da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2002. Gidajen sarauta na dutse kusan 40 ne a kan tsaunuka, gonakin inabi sun gangaro har bakin ruwa. Ki ɗauki mayafi mai kauri, domin iskar kogi tana da sanyi ko a Mayu, ki sama wa Alhaji kujera a falon gaba mai gilashi tun da wuri in matakalar sama za ta wahalar da shi. Bayan kun wuce dutsen Loreley da kaɗan za ku ga wani farin gini a tsakiyar ruwa mai siffar jirgi, wanda aka gina a ƙarni na 14 don karɓar haraji daga masu wucewa. Garin da ke gefensa shi ne Kaub.