An sa 'yata a jerin masu jira a jami'ar Cornell: mu biya wata jami'ar ko mu dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni mutumin Maraɗi ne, ina zaune a Bronx cikin birnin New York fiye da shekara 20, tasi nake ja. 'Yata ta fari a nan aka haife ta, bana take gama sakandare, kuma burinta ta zama likita. A ƙarshen Maris jami'ar Cornell ta amsa mata: ba a ɗauke ta ba, ba a kuma ƙi ta ba, an ce tana cikin jerin masu jira. Jami'ar Stony Brook kuwa ta ɗauke ta, tana son a biya kuɗin riƙe gurbi kafin 1 ga Mayu. Kwana biyu yarinyar ba ta cin abincin kirki. Ni a ganina zuwa da kai ya fi aike, ina so in ajiye mota kwana ɗaya in tafi Ithaca, garin da Cornell take, in roƙe su da bakina, limaminmu ma ya ce zai rubuta mata takarda. Mahaifiyarta kuma ta ce kada mu biya Stony Brook, kada Cornell ta ji ta ɗauka mun haƙura. Wanne za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka. Bari in fara da abin da ba ya jira: ku biya Stony Brook kafin 1 ga Mayu. Tafiya Ithaca kuwa a ajiye ta, takardar liman ma a dakata da ita tukuna. Akwai abin da za a yi game da Cornell, amma ita ce za ta yi shi da hannunta, kuma ba shi da yawa.

Kalmar "jira" ita ce take ruɗa iyaye. Mutum yana ji sai ya hango layi irin na banki, na gaba ya shiga, na baya ya matso. A yawancin manyan jami'o'in Amurka ba haka abin yake ba, babu lamba ta ɗaya ko ta ɗari. Kowace shekara jami'a tana ba ɗalibai gurbi fiye da kujerun da take da su, domin ta san wasu za su zaɓi wata makarantar. Lissafi ne na hasashe, kuma ba ta sanin ko ya yi daidai sai bayan 1 ga Mayu, ranar da ɗalibai suke ba da amsarsu. In waɗanda suka amsa sun cika aji, ba a taɓa jerin ba sam. In sun gaza, sai ofishin ɗaukar ɗalibai ya duba inda giɓin yake. A Cornell musamman, ɗalibi wata kwaleji takamaimai yake nema a cikin jami'ar, ta injiniya ce, ta aikin gona da kimiyyar halittu ce, ko wata, kuma kowace da nata kujerun. Saboda haka in giɓi ya fito a kwalejin injiniya, 'yarka kuma wata kwalejin ta nema, ba ita za a kira ba komai kyan sakamakonta. Wannan ba aibu ba ne a gare ta. Shigarta jerin kansa yana nufin sun karanta takardunta sun ga za ta iya karatunsu.

Ga adadi, domin ku san inda kuke tsaye. Ƙungiyar masu ba da shawara kan shiga jami'a ta Amurka, NACAC, ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa jami'o'i sun ɗauki kimanin kashi 20 cikin ɗari na ɗaliban da suka zaɓi su ci gaba da jira, amma a jami'o'in da suka fi tsanani wajen zaɓe adadin bai wuce kashi 7 ba. Cornell tana cikin waɗannan. Dubbai take sawa a jerin, waɗanda ake kira kuwa wata shekara 'yan gomomi ne, wata shekara 'yan ɗaruruwa. Ba sai kun dogara da maganata ba. Yawancin jami'o'i suna wallafa wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set, kuma a sashenta na C2 an rubuta mutum nawa aka sa a jerin, nawa suka yarda su jira, nawa aka ɗauka. Ta nemo ta shekaru uku ko huɗu a intanet, ku zauna tare ku duba. Na fi son yarinya ta ga adadin da idonta, domin yakan sanyaya zuciya fiye da lallashin manya.

Tsoron Hajiya na gane shi, amma a kwantar mata da hankali. Cornell ta san duk wanda ke jerin zai biya wata jami'a, haka tsarin yake, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin janyewa. Kafin alƙalamin yawanci 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma galibi ba a mayarwa. In Cornell ta kira daga baya, sai ta rubuta wa Stony Brook ta sanar da su ta janye, kuɗin ya tafi, shi ke nan. In kuɗin ya yi muku nauyi, ta tambayi malamin da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsu, akwai fom na neman a yafe shi ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne biyan jami'o'i biyu da suka riga suka ɗauke ta a lokaci guda. Ɗalibi yana sa hannu a kan haka tun lokacin cika Common App, wato fom ɗin neman shiga jami'o'i, kuma in aka gano ana iya janye gurbin. In kuwa ba ku biya kowa ba, 1 ga Mayu ta wuce, Cornell ta yi shiru, kun saki reshe kun kama ganye.

Yanzu ga aikinta. Na farko, ta shiga shafinta na Cornell ta tabbatar tana son a bar sunanta a jerin. Ba a barin suna haka kawai, sai an amsa, kuma akwai wa'adi. Sannan ta karanta umarnin da aka ba masu jira, layi bayan layi. Jami'o'i sun bambanta: wasu suna karɓar wasiƙa, wasu fom suke bayarwa mai iyakar kalmomi, wasu kuma suna cewa ƙarara kada a aiko komai. Abin da aka ce shi za a yi. Wanda ya aika tarin takardu inda aka ce kada a aika, ya nuna ba ya bin umarni.

In an ba da dama, sai wasiƙa, kuma a nan nake so ta ɓata lokacinta. Guda ɗaya, kada ta wuce shafi ɗaya, a aika cikin watan Afrilu, kafin su fara duba giɓi. Abu uku take ɗauke da su. Ta faɗa a fili cewa in an ɗauke ta za ta zo, amma sai in gaskiya ne. Mai ɗaukar ɗalibai a watan Mayu ba ya son ya kira mutum biyar kafin ya cike kujera ɗaya, saboda haka wannan jimlar tana da nauyi. Sai ta kawo abin da ya faru bayan ta miƙa takardunta a farkon Janairu: makinta ya ƙaru a darasin kimiyya mai wuya, ta gama wani bincike, ta samu lambar yabo, ta fara aikin sa kai a asibiti. Kada ta maimaita abin da suka riga suka karanta. Na uku, ta nuna ta san kwalejin da ta nema da gaske, ta ambaci wani darasi ko ɗakin bincike da ya haɗu da abin da take yi yanzu. Yabon jami'a, cewa babba ce mai suna a duniya, ba ya ƙara komai, domin kowa haka yake rubutawa.

Akwai abin da yaranmu suke ɓoyewa, kuma yana damuna. Yarinya takan raka maƙwabciya asibiti ta fassara mata daga Hausa zuwa Turanci, ta koyar da ƙananan yara a Islamiyya ranar Asabar da Lahadi, ta ɗauko ƙannenta daga makaranta kullum saboda uba yana kan hanya uwa tana wurin aiki, amma ba ta rubuta ko ɗaya ba, wai ai wannan zaman gida ne kawai. Jami'o'in Amurka suna lissafa irin wannan a matsayin aiki da ɗaukar nauyi. Ga mai son zama likita, fassara tsakanin mara lafiya da likita ba ƙaramin abu ba ne. In ba ta faɗa a takardunta na farko ba, ta faɗa yanzu a taƙaice, da yawan sa'o'in da take yi a mako. Amma kada wasiƙar ta zama ta kuka ko roƙo, kada kuma ta tambayi dalilin da ya sa ba a ɗauke ta ba. Ta rubuta da kanta, malamarta ta duba mata. Bayan haka in wani babban abu ya sake faruwa ta aika gajeren saƙo guda, ba imel duk mako ba.

Game da tafiyarka, Alhaji, na san daga ƙauna ta fito, kuma a gida uba ya taka da ƙafarsa girmamawa ce. A can kuwa suna son su ga ɗalibar da za ta iya tsaya wa kanta. Uba ya yi tuƙin sa'a huɗu zuwa biyar ya tsaya a ofis yana roƙo, ba zai sauya lissafin kujeru ba, kuma yana iya sa a ga kamar yarinyar ba ta iya magana da bakinta. Kamun ƙafa da takardar wani babba da bai san karatunta ba ma haka. Takardar liman za ta yi amfani ne kawai in jami'ar ta ce tana karɓar ƙarin shaida, kuma shi ne yake kula da ajin da take koyarwa, zai iya faɗin abin da ya gani da idonsa. Wanda muryarsa take da tasiri a nan shi ne malamin ba da shawara na makarantarsu. Shi zai aika sabon sakamakonta, kuma yana iya tuntuɓar jami'in Cornell da ke kula da yankinku ya ce yarinyar nan da gaske take. Ta je ta same shi a wannan makon. Ta kuma riƙe karatunta har ranar ƙarshe, domin sakacin ajin ƙarshe yana iya rufe wannan ƙofar, har ma ya girgiza gurbin da ta riga ta samu.

Sai maganar kuɗi, wadda nake so ku yi tun yanzu, ba ranar da waya ta yi ƙara ba. Wanda aka kira daga jerin sau da yawa kwana biyu ko uku kacal ake ba shi ya amsa. Cornell, kamar sauran manyan jami'o'in rukunin da ake kira Ivy League, ba ta ba da tallafi don hazaƙa, sai don buƙata, kuma tana neman fom biyu na tallafin karatu, FAFSA da CSS Profile. Ku tabbata duka biyun sun isa gare su tare da takardun harajinka, musamman da yake mai aikin kansa yakan samu ƙarin tambayoyi. Sannan ku shiga na'urar ƙiyasin kuɗi da ke shafin jami'ar ku ga abin da zai faɗo a kanku. A ɗaya gefen, Stony Brook jami'ar jiha ce: akwai tallafin Pell na tarayya, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, akwai TAP na jihar New York, akwai kuma tallafin Excelsior da aka fara a 2017 ga iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce dala 125,000 ba, da sharaɗin zama a jihar bayan kammalawa. Ku jera lissafin biyu a takarda. In alƙawarin zuwa Cornell ya dogara ga tallafi, ta rubuta haka a wasiƙarta da ladabi.

Kiran yakan fara daga farkon Mayu, ya ja har Yuni, wani lokaci Yuli, domin in wata babbar jami'a ta ɗauke ɗalibi daga jerinta, kujera ta buɗe a inda ya baro. In za ku je gida hutu, ta riƙa duba imel ɗinta kullum, lambar wayarta ta Amurka kuma ta kasance tana shiga.

Ga masu karatu da ke nema daga gida, lamarinku ya fi na wannan yarinyar nauyi, tunda ita 'yar ƙasa ce. Jami'o'i da yawa, har da Cornell, suna duba buƙatar kuɗin ɗalibin waje kafin su ɗauke shi. Sannan a Disamban 2025 gwamnatin Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai, Nijar kuma cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi cibiyar EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, halin da ake ciki a ranar.

Abu na ƙarshe da ya kamata ta ji daga bakinka: a Amurka galibi ba a shiga makarantar likita daga sakandare. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, sannan a nema, kuma abin da ake dubawa shi ne makin digirin, jarrabawar MCAT ta neman shiga makarantar likita, bincike da aikin asibiti. Stony Brook tana da nata asibitin koyarwa da makarantar likitoci a harabarta a Long Island, jirgin ƙasa na LIRR yana tsayawa a bakin makarantar. In bayan shekara ɗaya zuciyarta tana Cornell har yanzu, tana iya neman sauyin makaranta da sakamakonta na jami'a. Ranar nan da ka yi niyyar ajiye mota, ka ajiye ta, ka ɗauki yarinyar da mahaifiyarta ku tafi Stony Brook, ta ga ɗakunan kwana, ta ga asibitin, ta nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta gaisa da su, ku dawo ku biya kafin alƙalamin.