Ko fodkas zai yi amfani a ajina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce mai koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, kuma ɗaliban ajina sun haura saba'in. Ƙanena ya ba ni shawarar in riƙa kunna musu fodkas, wato shirye-shiryen murya da ake saukewa daga intanet, amma ina tsoron kada abin ya zama ɓata lokaci, ga shi kuma makarantarmu ba wutar lantarki. Shin zai yi amfani? Daga wata malama a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarar ƙanenki tana kan hanya, muddin ke ce za ki ja ragamar darasin daga farko har ƙarshe.

Koyarwa ta hanyar murya ta daɗe. Tun a 1974 aka fara shirin koyar da lissafi ta rediyo a makarantun firamaren ƙasar Nikaraguwa tare da masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka, inda mai gabatarwa kan yi tambaya ya ɗan yi shiru har yara su amsa. Mu ma mun ga irinsa a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ba da darussa ta rediyo. Sai dai maganar rediyo idan ta wuce ta wuce ke nan, alhali fodkas yana hannunki, kina iya tsayar da shi a tsakiyar jimla, ki yi tambaya, ki mayar da shi baya sau uku idan ta kama. A ganina, wannan tsayarwar ita ce darasin.

Batun wuta mai sauƙi ne. Ki sauke shirin a wayarki tun daga gida, domin na minti goma yawanci 'yan megabait kaɗan yake ci, sannan ki nemi ƙaramar sifika mai caji. Kafin ɗalibai su shigo, ki ɗora ta a kan tebur a tsakiyar aji, ki koma bencin ƙarshe ki saurara da kunnenki, saboda a aji mai mutum saba'in, wanda bai ji ba shi ne zai fara surutu.

Kada shirin ya wuce minti biyar ko shida a darasin minti arba'in. Sashen koyar da Turanci na BBC yana da wani mai suna 6 Minute English, wanda ake haɗawa da rubutaccen abin da aka faɗa, kuma ya dace da 'yan babbar sakandare. Ki fara saurarensa ke kaɗai don ki tabbatar saurin maganar da batun sun dace da yaranki, sa'an nan ki rubuta tambayoyi uku a allo kafin ki kunna, domin kowa ya san abin da kunnensa yake nema. Wannan zai taimaka musu ƙwarai a jarrabawar WAEC, inda a Nijeriya ake gwada sanin sautukan Turanci a kan takarda, ɗalibi ya zaɓi kalmar da ta yi amo ɗaya da wata alhali wataƙila bai taɓa jin an furta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Idan sun saba, ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tsara hirar minti uku da Turanci a kan noman auduga ko ranar kasuwar garinku, ki ɗauka da wayarki a kunna wa aji. Amma ki fara neman izinin shugaban makaranta, kuma kada muryar ɗalibi ta fita daga wayarki zuwa WhatsApp sai da yardar iyayensa.