Kotun Ɗaukaka Ƙara Ta Rushe Cinikin Hannun Jarinmu: Kuɗin Mai Saye Sun Halatta Gare Ni?

Tambaya: Malam, a 2021 na sayar wa wani ɗan kasuwa kashi 20 cikin 100 na kamfaninmu na casar shinkafa a kan naira miliyan 40, ya biya. Abokan tarayyata suka ƙi, domin ƙa'idar kamfanin ta ce sai an fara yi musu tayi kafin bare. Shari'a ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta ce ba za a tilasta aiki da yarjejeniyar ba, kuma ba ta ambaci kuɗin ba. Lauyana ya ce in riƙe abina. Mai sayen ya taɓa karɓar ribar shekara guda, miliyan 3. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, kuɗin nan ba naka ba ne. An ba ka su a madadin hannun jari, ga hannun jarin nan kuma a hannunka. Da wane dalili za ka haɗa haja da kuɗinta a aljihu ɗaya? Allah ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 188 ta Suratul Baƙara, kuma a ayar ce ya hana kai ta gaban mahukunta don a ci wani yanki na dukiyar mutane da zunubi. A hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yanka wa wani abu na haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya kafa hujja, guntun wuta ya yanka masa. Wannan hukuncin Annabi ke nan, balle shirun alƙalai a kan abin da ba a roƙe su ba. Lauya ya gaya maka abin da kotu ba za ta kama ka da shi ba ne kawai.

Asalin cinikin bai haramta ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta hannun jarin kamfani mai sana'ar halal a zamanta na Jidda a 1992. Illar daga wajenka ta zo, ka tsallake sharaɗin da ka yarda da shi, alhali Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Don haka ka fara komawa ga abokan tarayyarka. In sun yafe haƙƙinsu kuma mai saye yana so, a sabunta cinikin bisa ƙa'ida. In sun ƙi, ka mayar masa da miliyan 40.

Ribar nan ta miliyan 3 ita ce wurin dubawa. Ƙa'idar ita ce "alkharaju bid damani", amfanin abu na wanda asararsa ke wuyansa ne. Risalar Ibnu Abi Zaid ta ce a ɓataccen ciniki lamuni, wato ɗaukar asarar haja, yana komawa kan mai saye daga ranar da ya karɓi haja. To ya karɓa? In an zauna da shi a matsayin mai kaso, yadda da injin ya ƙone da asarar ta shafe shi, ribar tasa ce, kada ka cire ko kwabo. In kuwa ba a taɓa shigar da shi ba, kai ka miƙa masa daga kasonka, kana iya lissafa su cikin abin da za ka mayar. Na fi karkata ga ka bar masa, tunda kai ka yi shekaru kana juya kuɗinsa.

Na san zai ce naira ta zube tun 2023. Gaskiyarsa. Sai dai matsayar da majalisar nan ta ɗauka a Kuwait a 1988 ita ce bashi ana biyansa da kwatankwacinsa, ba da ƙimarsa ba. Kuɗin ruwa kuwa, ko kotu ta yanka, bai halatta ya karɓa ba. Ƙarin da ka yi masa don kanka, ba da sharaɗi ba, kyautata biya ne da Sunna ta yaba. Jinkirin mai hali zalunci ne. In ba ka da kuɗin a dunƙule, ku rubuta wa'adin biya kashi-kashi gaban shaidu biyu.

Wallahu a'alam.