Me ya sa maganin Fakinsin ke ƙin aiki bayan cin nama?

Tambaya: Mahaifina na fama da cutar karkarwar jiki, wato Fakinsin, likita ya ɗora shi a kan levodopa da carbidopa. Duk ranar da ya sha bayan ya ci nama ko wake, jikinsa ba ya sakewa. Ko jabu muka saya?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Da wuya a ce jabu ne, abin daga ƙirar sinadarin yake.

Dofamin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen sarrafa motsin jiki, shi ne ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwarsa, amma ko an ba shi dofamin ba zai tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba. Levodopa kuwa yana tsallakewa, domin amino asid ne, ɗan dangin tubalan da ake gina furotin da su. Sai ya shiga ciki wani inzayim, wato sinadarin jiki mai sauya wasu sinadarai, ya cire masa kabon dayoksaid, ya koma dofamin. To ƙofar da yake bi, a hanji da kuma a shingen ƙwaƙwalwa, ita ce wasu amino asid na nama, wake, ƙwai da nono suke bi. Idan suka taru sai a yi turereniya, maganin ya shiga kaɗan. Shi ya sa za ku ga Baba ya sha, amma hannu na rawa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

Ya riƙa sha da ruwa minti 30 kafin abinci, ko awa ɗaya zuwa biyu bayansa. In tashin zuciya ya dame shi, ɗan biskit ko burodi ya isa. Kada a hana shi nama, tsoho na buƙatar furotin. A tambayi likita ko za a mayar da yawancinsa cin dare.

Carbidopa mai rakiya ne. Ba ya shiga ƙwaƙwalwa, yana dai hana inzayim ɗin mayar da levodopa dofamin tun a hanya, domin wannan sauyin a hanya ne ke jawo amai da jiri. Lambar 25/100 a kwali na nufin miligiram 25 na carbidopa da 100 na levodopa.

Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana manne wa levodopa a hanji, a raba su da aƙalla awa biyu. Fitsari ko gumi na iya yin duhu, wannan ba ya cutarwa. Abin da muke ja muku kunne a kai sosai shi ne dakatar da maganin farat ɗaya: yana iya kawo zazzaɓi mai tsanani, sandarewar jiki da ruɗewa, har a kai ga kwanciya asibiti.