Fafaroma, Fada da Murabus: Amsar Tambayoyinku

Wata 'yar'uwa daga Jos ta tambaya: "Malam, wanne ne daidai, Fafaroma ko Paparoma? Ina jin kowanne a rediyo."

Duka biyun daidai ne, 'yar'uwa. Bakin Bahaushe bai raba "f" da "p" ba, shi ya sa ake cewa fasto, fasfo, famfo. Kalmar haɗi ce ta "Papa" da "Roma", wato uban da ke birnin Rum, kuma tushen "Papa" daga Girkanci ne, inda yaro ke kiran mahaifinsa "pappas". A ƙarnonin farko na Kiristanci ba bishop ɗin Rum, wato babban limamin cocin birnin, kaɗai ake kira haka ba. Bishop ɗin Iskandariya a Masar ya ɗauki laƙabin tun ƙarni na 3, kuma har yau shugaban cocin Kibɗawa, Tawadros na II, wanda ya hau a 2012, da shi ake kiransa. Nan ne 'yan jarida ke zamewa su rubuta "Fafaroman Masar". In ka warware kalmar, ka ce uban Rum na Masar ke nan. Gara a ce shugaban cocin Kibɗawa, a huta.

Wani ɗalibi kuma ya tambaya ko "Fada" da ake kiran limamin Katolika yana da alaƙa da fadar sarki. Babu. Aro ne daga kalmar Turanci mai nufin uba, kama ce kawai ta haɗa su. A rubuce dai a sa babban baƙi ga limamin, kada kuma a manta da lanƙwasar "ɗ" a faɗa, don Fada da faɗa ba su kamata su haɗu a jimla ɗaya bisa kuskure ba.

Tambayar da ta fi jan hankalina ta wani dattijo ce daga Zariya. Ya ce: "Da Fafaroma Benedict ya sauka, an ce ya yi murabus. Ba sarakuna kaɗai ke murabus ba?"

Ranka ya daɗe, a ganina babu kalmar da ta fi wannan dacewa. Ma'aikaci yakan ajiye aiki ko ya yi ritaya, amma murabus na mai riƙe da kujerar da aka saba mutuwa ce ke raba shi da ita. Kujerar Fafaroma irin wannan ce. Benedict na XVI ya sanar da niyyarsa ranar 11 ga Fabrairu 2013, yana da shekara 85, ya ce ƙarfinsa ya gaza, ya sauka ranar 28 ga watan.

Sai dai Hausa tana da dabara a nan: akwai "ya yi murabus", akwai "an yi masa murabus". Na biyun tuɓewa ce da aka lulluɓe da mayafin girmamawa. Kanawa sun san yadda iyakar ke da siriri tun 1963, lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi na I ya bar gadon sarauta ya koma Azare. Tarihin coci ma yana da kowane iri. Celestine na V, tsoho mai zaman kaɗaici a kan duwatsu, an zaɓe shi a 1294 bayan kujerar ta yi fiye da shekara biyu babu kowa. Wata biyar ya yi ya ga mulki ba hanyarsa ba ce, ya fitar da doka cewa Fafaroma na iya sauka, sannan ya sauka. Wannan shi ya yi murabus da kansa. Magajinsa, Boniface na VIII, bai bar shi ya koma dutsensa ba. Ya tsare shi a garin Fumone na Italiya har ya rasu a 1296, don gudun kada masu adawa su fake da shi.

Dalilin tsaron shi ne abin da Hausawa ke nufi da "ba a sarki biyu a gari ɗaya". Coci ta ɗanɗana gaskiyar maganar daga 1378 zuwa 1417, lokacin da ake da Fafaroma a Rum da wani a Avignon ta Faransa, daga 1409 kuma aka sami na uku da taron manyan coci a birnin Pisa ya naɗa. Babban taron coci da aka yi a birnin Konstanz ne ya kashe wutar. Gregory na XII na Rum ya yi murabus a 1415 bisa sulhu, sauran biyun kuwa tsige su aka yi, kuma ba zan yarda a kira nasu murabus ba. Aka zaɓi Martin na V a 1417.

Daga Gregory babu wanda ya sake sauka sai Benedict, kusan shekara 600 ke nan. Shi kuwa ya zauna cikin Vatican tare da magajinsa Francis har rasuwarsa ranar 31 ga Disamba 2022, ana kiransa Fafaroma mai murabus, mulki kuma a lokacin yana hannun Francis shi kaɗai.