Ruwa ya ci gonata, shin yanzu ne lokacin sayen hannun jari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Auyo, ina kuma taɓa noma. Bana ambaliya ta cinye mini shinkafa, har na sayar da shanun huɗata biyu. Ƙanena da ke Kano ya ce in zuba kuɗin a hannun jarin kamfanonin siminti tun bai tashi ba, tunda kowa zai sake gini. Yaushe ya dace in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Ƙanen naka ba shaci-faɗi ya yi ba. An ga haka a Turkiyya a Fabrairun 2023, da girgizar ƙasa ta rushe birane: hannayen jarin siminti suka yi sama alhali sauran kasuwar na zubewa, har sai da aka rufe kasuwar Istanbul na wasu kwanaki. Sai dai waɗanda suka ci wannan riba a ranar suka saya, suna zaune gaban kwamfuta. Kafin labari ya iso wa mai jiran ruwa ya janye ya ga hanya, farashin ya riga ya tashi.

Ka kuma dubi gidajen da suka faɗi a garinku. Akasari na ƙasa ne, da ƙasa da azara za a tayar da su. Masana'antar Dangote ta Obajana kaɗai tana iya fitar da siminti sama da tan miliyan 16 a shekara, don haka buhunan da za a saya a Auyo da Miga da Kafin Hausa ba za su taka kara su karya a lissafin kamfanin ba. Tuna 2022: ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, amma kasuwar hannayen jari ta Legas ta rufe shekarar da ƙarin kusan kashi 20 cikin 100. Abin da ke juya ta shi ne kuɗin ruwan Babban Banki, da darajar naira, da ribar manyan kamfanoni. Ambaliyarmu a kasuwannin Gujungu da Dawanau take nuna kanta, a farashin kwanon gero da shinkafa.

Wasu kuma za su ce ka jira komai ya faɗi ka kwashi araha. A Japan, ranar 15 ga Maris 2011, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka lalata tashar nukiliyar Fukushima, kasuwa ta faɗi da sama da kashi 10 a yini ɗaya, daga baya ta farfaɗo. Amma TEPCO, kamfanin lantarkin da ke da tashar, har yau bai koma kusa da farashinsa na da ba. Mai saye a ranar ba ya da hanyar sanin wanne zai tashi, wanne ya kwanta ke nan.

Ni abin da ya fi damuna ma asalin kuɗin ne. Shanun huɗa ka sayar, ga rani ya ƙarato, a Nuwamba ake shuka alkama. Ware kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa tukuna, da abincin gida har zuwa girbi. Abin da ya rage, wanda za ka iya mantawa da shi shekara uku zuwa biyar, shi ne na hannun jari. Shi ma kada ka zuba shi rana ɗaya. Raba shi wata-wata, in so samu ne ka riƙa ɗorawa daga albashi.

Ka bi ta dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, a buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin da ka saya, da sunanka, ba da sunan ƙanenka ba (zumunci ya sha lalacewa a kan abin da bai kai wannan ba). In kana gudun kamfanonin da ke harkar kuɗin ruwa ko giya, ka ce wa dillalin ya nuna maka waɗanda ke cikin jerin NGX Lotus Islamic Index, wato jerin kamfanonin kasuwar Legas da aka tantance sun dace da shari'ar Musulunci.