Tambaya da Amsa: Wa ya ɗauki cikin Abuja? Bayani kan kalmar "conceive"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen awon ciki, kuma tun muna makaranta abin da na sani shi ne "conceive" na nufin mace ta ɗauki ciki. Kwanan nan ina karanta wani rubutu kan tarihin babban birnin tarayya sai na ci karo da "Abuja was conceived in 1976". Dariya ta kama ni, na ce to wa ya ɗauki cikin Abuja? Kuskure ne ko wata ma'ana ce daban? Sannan ina ganin wasu na sa mata "of" a gaba, wasu ba sa sawa. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Wanda ya rubuta jimlar bai yi kuskure ba, ke ma dariyarki ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin kin taɓo asalin kalmar ba tare da kin sani ba.

"Conceive" ba haifaffiyar Turanci ba ce. Daga Latin ta fito, daga "concipere", wadda aka gina kan "capere", wato kamawa ko ɗauka. Ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci tare da ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Ma'anarta ta gindi ita ce ɗaukar abu a riƙe shi a ciki. Mahaifa takan ɗauka ta riƙe, zuciya ma haka. Daga nan ma'anonin biyu suka rabu, amma uwarsu ɗaya.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Cikin da mace ke ɗauka shi ne dai cikin da muke cewa ya yi fari ko ya yi baƙi. Mai ɓoye abin da ke ransa muna ce masa mai zurfin ciki, wanda bai furta ba kuwa mu ce ya bar wa cikinsa. Mu ma a wuri guda muka ajiye ɗan tayi da tunani. Har Turancinmu na Najeriya ma ya bi wannan hanya: idan kin ji mata a layin awo suna cewa "she took in", ai fassarar "concipere" ce suka yi tsaf, ko da yake Baturen Landan ba lallai ya gane su ba.

To mu koma Abuja, don misalin ya fi duk wanda zan ƙirƙiro miki kyau. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba batun sauya babban birni daga Legas. A watan Fabrairun 1976 aka fitar da dokar soja mai lamba 6 da ta kafa yankin babban birnin tarayya, 'yan kwanaki kafin a kashe Murtala. A lokacin babu Fadar Aso, babu Sakatariya, sai duwatsu da ƙauyukan Gbagyi da maƙwabtansu. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamban 1991, zamanin Janar Babangida. Saboda haka 1976 shigar ciki ne, 1991 haihuwa, goyon cikin shekara 15. Wannan tazarar ita ce dukan aikin kalmar. "Conceive" tana nuni ne ga lokacin da abu ya fara samuwa a zuci ko a takarda, tun ido bai gan shi ba. Da marubucin ya ce "built" da ya yi ƙarya, da ya ce "planned" da ya yi gaba da yawa, don tsarin birnin daki-daki daga baya aka zana shi.

Turawa masu iya magana sukan yi wasa da fuskokin biyu a lokaci guda. A jawabinsa na Gettysburg a 1863, Shugaba Abraham Lincoln ya kira Amurka "a new nation, conceived in Liberty", ƙasar da aka ɗauki cikinta a kan 'yanci. Ya kwatanta ƙasa da jariri, kuma yana nufin tunanin da aka kafa ta a kai.

Batun "of" kuwa, duka biyun daidai ne, sai dai aikinsu ya ɗan sha bamban. Idan babu "of", yawanci ƙirƙira ake nufi, mutum ya tsiro da abin da babu shi a da: "She conceived a plan to reduce waiting time", ta ƙago dabarar rage zaman jira. Idan dabarar ta mugunta ce, a Hausa sai mu ce ya kitsa ko ya ƙulla. Idan kuma da "of", to surantawa ce, ka hango abu da idon zuci ko da ba kai ka ƙirƙire shi ba. Wannan ta fi zuwa da korewa: "I cannot conceive of a hospital without water", hankalina ba ya ɗaukar a ce ga asibiti babu ruwa. Lura da yadda Hausar ma ta dawo kan ɗauka. Akwai kuma "conceive of" tare da "as", kamar "They conceive of nursing as a calling", sun ɗauki jinya a matsayin baiwa da hidima. Gaskiya iyakar ba katanga ba ce, za ki ga ƙwararrun marubuta suna tsallakawa, musamman a jimla irin ta Abuja inda "was conceived as" da "was conceived of as" duk suke wucewa. Ni dai nakan ce wa ɗalibai su riƙe rabon nan har sai kunnensu ya nuna.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne cusa ta a wurin da "think" ta wadatar. Kalma ce mai nauyi, ta rubutu da taro, ta shiri da manufa da gini da littafi. Wanda ya ce "I conceive that it will rain" ya sa babbar riga ya shiga gona. Wasu kuma sukan rubuta "she conceived a baby boy yesterday" suna nufin ta haihu, wanda na san ke ba za ki yi ba. Sai masu rikita ta da "perceive". Su biyun 'yan ɗaki ɗaya ne da "receive" da "deceive", duk jikokin "capere", amma "perceive" daga waje abu ke shigo maka ta ido ko kunne ko hanci, "conceive" kuwa daga ciki yake tasowa.

'Ya'yanta suna da yawa. "Conception" tana ɗauke da ma'anonin biyu kamar uwarta, shi ya sa kike ganinta a katin awo, ɗalibin falsafa kuma yana ganinta a littafinsa. "Concept" ta tsaya ga tunani kawai. "Misconception" gurguwar fahimta ce, "inconceivable" abin da hankali ba zai ɗauka ba, "ill-conceived" kuma shirin da tun ran gini aka yi masa mugun zane, kalmar da 'yan jarida ke son jifan manufofin gwamnati da ita.

Wajen rubutu, "e" ke gaba da "i" saboda "c" ɗin da ta gabace su, kamar a "receive". Wajen furuci kuma a danna gaɓa ta biyu, a ja ta, sannan a ƙarasa da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, don mu Hausawa bakinmu yakan mayar da "v" ta koma "b" ko "f". A "concept" kuwa gaɓar farko ake dannawa.